Rasuwar Shuɗiya, Tabarmar Yogata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baya mai cike da ciwo, nake sanar da 'yan'uwa da masu zuwa kitso wajena rasuwar Shuɗiya, tabarmar robar da nake yoga a kanta. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a falo, ƙarƙashin dutsen guga.

Marigayiyar ba ta san wahalar da mutum ba. Tun da likitar ƙashi ta haɗa mu, bayan sunkuyon kitso ya lanƙwasa min baya, ba ta taɓa sa ni tsayuwa da ka ba. Aikinmu kawai in kwanta rigingine, filo a ƙarƙashin gwiwa, ɗankwali a kan ido, in ja numfashi a hankali in sauke, har kafaɗuna su saki, in tuna ni ma mutum ce. Maganarta ba ta wuce "fat!" idan na shimfiɗa ta a kan tayil, sai ɗan "ƙiii" idan diddigena ya goge ta.

Amma wannan "fat" doka ce a gidan nan. Da an ji ta, maigida zai tuna inda ya ajiye safarsa, yara su raba faɗansu da kansu. In na kwanta a gado, lalaci ne, sai a tashe ni neman murfin tukunya. In na kwanta a kan Shuɗiya kuwa, umarnin likita ne. Wallahi ita kaɗai ta taɓa sama min shiru a gidan nan, kuma ina kewarta sosai.

Ta jima tana fama da naɗewar baki, saboda yawan zama a nannaɗe bayan kujera. Goggon maigida da ta zo mana ziyara ba ta iya ganin abu a yamutse ta wuce, har tsumman kicin gogewa take yi. Ta ga bakin Shuɗiya ya naɗe, tausayi ya kama ta, ta jona dutsen guga. Warin roba ne ya kai min labari ina tsakiyar yi wa wata mata kitso. Goggo ta rantse gyara ta yi niyya. Na yafe mata, amma da ƙyar.

Shuɗiya ta rasu ta bar filo biyu da ɗankwali, sai ni marainiyarta. Dutsen gugar ma yana can kwance, rai a hannun Allah. Jiya na gwada shimfiɗa tawul, ban sauke numfashi na biyu ba autata ta ɗare cikina tana neman a fere mata fensir.

Za a yi wa marigayiyar sutura da baƙar leda, a kai ta makwancinta gobe da safe idan motar shara ta iso. Zaman makoki kuma kullum da yamma ne a ɗakina, a kwance, ƙofa a kulle, ni kaɗai. Mai son ta'aziyya ya tsaya daga waje ya yi ta a zuci. Ban sa ranar tashi ba.