Kwanon Kitsen Kawu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Sallar layyar da na yi a garinmu Gafati ba, shekara biyu kafin mu sami 'yancin kai. Lokacin ina sabon anfirme, wato ma'aikacin jinya, a asibitin Damagaram, ga farar riga ga girman kai (allura kawai na iya, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni nake fiɗa).

Kawu Lawan shi ya riƙe ni tun ina yaye, shi ya kai ni lakwal, makarantar boko. A daminar shekarar nan ya fara dafe ƙirji, in ya yi kunya biyu a gona sai haki. Na kai shi wurin lokotoronmu, wani likita Bafaranshe. Ya dudduba shi, ya ce in gaya masa akwai wani maiƙo a jini, sunansa kolesterol, yana taruwa har ya toshe wa zuciya hanya. Ya bar kitse da man shanu, a yi masa miya da ɗan man gyaɗa, in ba haka ba wata rana a gona za a ɗauko shi. Na tsorata ƙwarai, don ba ni da wani uba sai shi.

Kun san yadda muke layya. A baje rago a kan sanduna, a jingina shi gefen wuta ya wuni yana gasuwa, a tara kwano a ƙasa kitsen yana ɗiga. A gidan Kawu kwanon farko na maigida ne, da waina yake dangwala shi. Inna Falmata, matarsa, ta aiko masa da shi ƙofar gida, inda yake zaune da liman da dattawan unguwa. Ya yi bisimilla ke nan na miƙe na zare kwanon daga gabansa.

"Kawu, wannan ba abinci ba ne, ajali ne."

Na shiga wa'azi. Har kara na ɗauka na zana musu zuciya a ƙasa (zanen ya fi kama da goruba). Liman yana ta gyaɗa kai. Kawu ya haɗiye yawu ya ce, "To ɗana, na ji. Ina za ka kai shi?"

"Zubarwa zan yi."

Na zaga bayan rumbu da niyya mai kyau, Allah shaida. Amma kitsen da ɗuminsa, ga yaji an barbaɗa, ni kuwa wata shida ina cin wake da gari a birni. Na ce bari in lasa da yatsa ɗaya. Sai na tuna akwai waina biyu a aljihuna (kada ku tambaye ni yadda aka yi suka shiga). Na tsuguna. Ina cikin suɗe gindin kwano na ji an ajiye buta a bayana. Kawu ne ya zo kama ruwan la'asar, liman na biye da shi. Maiƙo har haɓata, ya gangaro kan farar riga.

"Likita, a cikinka ake zubarwa?"

"Gwadawa nake, Kawu, in ga yawan maiƙon."

Liman ya yi tari ya koma. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da Kawu ya ce a hankali, "Ni na ɗauka da gaske kake." Wato yanzu zai koma wa kitsensa, kuma bakina ne ya jawo. Idona ya cika da ƙwalla.

"Wallahi Kawu da gaske ne. Kwaɗayi ne ya fi ƙarfina."

Ya ɗauki butarsa. Sannan ya ce, "To ka ga wuyar abin da kake so in yi. Ranar da ka ci zan ci. In ka bari na bari."

Haka aka yi. Duk wanda zai zo birni daga Gafati sai Kawu ya ce ya leƙa masa miyata. Ya yi shekaru masu yawa yana noma, ni kuma na yi su ina wuce mai tsire da kaina a sunkuye. Tun daga ranar na rage wa marasa lafiya tsawa, kuma in har na ƙwace wa mutum kwano, wani nake ba wa ya je ya zubar.