Rasuwar Katifar Doña Casilda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai cike da ƙuraje, Doña Casilda Peguero ta layin bayan kasuwa a garin Moca take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar katifarta, wadda ta shigo gidan tare da ita ranar aure, ba ta kuma taɓa kwana a waje ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta ɗauki nauyin maigidan, Don Eleuterio, tun yana siriri har ya zama abin da ya zama, ba ta taɓa cewa komai ba sai ɗan "ƙiiƙ" idan ya juya. A kanta aka yi jegon 'ya'ya uku. Shekarar da guguwa ta yaye kwanon ɗaki, marigayiyar ta sha ruwa, ta sha rana, ta koma bakin aiki.

Kuɗin cizo ne ajalinta. Ɗigo-ɗigon baƙi aka fara gani a bakin ɗinki. An tafasa zannuwan gado, an janye gadon daga bango, an shanya ta a rana. Mai feshi ya zo ya duba, ya girgiza kai.

Mutumin inshora ma ya zo, ya ƙi zama, ya sha kofi a tsaye da jakarsa a rungume. Ya ce, "Doña, da gobara ce ko guguwa ko ɓarawo, da mun biya. Ƙwaro kam sha'anin kula da gida ne." Doña Casilda, matar da ke wanke har gindin tukunyar fure, ba za ta manta da wannan magana ba, kuma har yanzu tana son sanin wanda ya raɗa masa kada ya zauna.

Doña Casilda ba ta yarda ciwon daga sama ya faɗo ba. Ta zargi mai gyaran fanka, ta zargi mai wanki, zargin ya tsaya kan ƙanwarta Nereida, wadda ta zo hutu daga New York ta ɗora ƙaton akwati a kan marigayiyar. Ta kuwa faɗa mata ido da ido. Nereida ta ce, "Yaya, ni na kawo miki ƙwaro? To, na gode." Ta ja akwatinta ta koma gidan surukanta, ta daina ɗaukar waya. Wannan ya fi ƙaiƙayin ci wa Doña Casilda rai, don su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Marigayiyar ta rasu ta bar filo biyu da ke ɗaure cikin leda ana sa musu ido, da gadon katako, da wata koriyar kujera da Don Eleuterio ya ce aboki ne ya ba shi kyauta, wadda yake gyangyaɗi a kanta kafin ya wuce gado.

Don kada wani ya tsinci gawar a titi, Doña Casilda ta je aron jan fentin rubuta gargaɗi wajen maƙwabciyarta, Doña Brígida. Ita kuwa ta ce, "Ungo, ragowar wanda na shafa wa koriyar kujerata ne. Ƙwari suka cinye ta. Na rubuta gargaɗi a ƙarƙashinta na jefar, kafin in juya wani marar tsoron Allah ya yi gaba da ita." Doña Casilda ta dawo gida ta kifa kujerar, sai ga jan rubutu a ƙarƙashinta. Nan take Don Eleuterio ya tuna ana jiransa wajen wasan domino.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe idan motar shara ta iso. Za a farke marigayiyar da wuƙa, a shafa mata fenti, a naɗe ta da leda. Kujerar za ta raka ta. Don Eleuterio ne zai ɗauke su duka biyu, kuma ana roƙon jama'a kada kowa ya kama masa. Masu ta'aziyya za su sha kofi a tsaye, su bar jakunkunansu a gida.

Duk wanda ya ga Nereida ya gaya mata yayarta tana jiranta a bakin ƙofa. Ita kaɗai aka yarda ta shigo da akwati, ta kuma ajiye shi duk inda ta ga dama.