Yadda Za Ka Mayar Da Mahaifinka Farfesan Ƙasar Waje A Jerin Manazarta

Ɗalibi, matso kusa. Ka gama kundinka na shekarar ƙarshe, babi na huɗu ya yi kyau har kai kanka kana mamaki. Matsalar ɗaya ce: duk wata magana mai ma'ana da ke ciki daga bakin mahaifinka ta fito, shi kuwa gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne sana'arsa. Malamin da ke duba aikinka ya zagaye kowane sakin layi da jan biro ya rubuta, "In ji wa?" Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawarin sakamako mai kyau, kuma babu wanda zai san gidan da ka fito. Ni da nake gaya maka na gwada, ya yi aiki har fiye da yadda na so.

Mataki na 1: Kwashe ilimin, kada ka ce don me

Je shagonsa da hantsi, lokacin da yake wanke sifanu a cikin kalanzir. Ture tsofaffin bututu ka zauna a bakin benci, ka kula da farar rigarka. Sai ka ce, "Baba, wai ya kuke gane famfo zai lalace tun bai lalace ba?"

Zai ɗago ya kalle ka, don rabon da ka tambaye shi wani abu game da aikinsa tun kana firamare. Sannan zai ce, "Ai da sassafe ake ganewa. Ka ƙirga tuƙi nawa aka yi kafin ruwa ya zo. In ya wuce goma, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo, ko da kuwa da rana yana ba da ruwa kamar lafiyarsa ƙalau. Ka canza shi a makon nan, ko ka dawo bayan wata biyu ka tarar unguwa ba ruwa."

Bar wayarka tana naɗa a aljihu. Kada ka fito da ita, kada ya ɗauka maganarsa wani abu ce.

Mataki na 2: Raɗa masa suna

Wani marar wayo zai ce maka ai ƙa'idar manazarta ta tanadi hanya: ka rubuta sunan mutumin, ka ce hira kuka yi, ka sa rana da wuri, shi ke nan. Gaskiya ne, layi ɗaya ne ma. To amma sunan mahaifinka yana nan a bangon kundin, manne da naka. Kana so 'yan ajinku su ce wane da hirar tsakar gida ya yi digiri?

Nemo suna mai baƙaƙe da yawa, wasali kaɗan, irin wanda in Malam ya zo karantawa zai yi gyaran murya ya wuce. Ƙara haruffa biyu da ɗige-ɗige. Shekara kuwa, zaɓi wadda ta ɗan kwana biyu, yadda za ka iya cewa littafin ya ƙare a kasuwa.

Mataki na 3: Gina masa littafi

Take mai tsawo, da ɗigo biyu a tsakiya. Bugu na uku, don littafin da aka buga sau uku ba a yi masa gardama. Maɗaba'a a wani birni mai sanyi. Karkata rubutun taken, ka tura layi na biyu ciki daidai yadda takardar ƙa'idojin sashenku ta ce, domin ƙarya ta fi gaskiya bukatar tsari. Lambar shafi kada ta zama hamsin ko ɗari. Sa 217. Babu mai zargin 217.

Mataki na 4: Ba shi gida a intanet

Yanzu dole a ga madogara ta intanet ko da guda ɗaya ce. Ba farfesanka maƙala a wata mujalla, ka haɗa adireshi mai cin layi uku, cike da lambobi, ka rubuta ranar da ka leƙa shafin. In an latsa aka tarar wayam, dafe kai ka ce, "Ikon Allah! Ran nan fa yana nan!" Shafukan gaske ma kullum mutuwa suke yi, naka dai bai tsaya shan wahalar rayuwa ba.

Mataki na 5: Kai wa Malam

Zai bi jerin da bakin biro, ya zo kan sunan ya tsaya. Zai gyara tabarau ya ce, "Au, ka samo wannan? Madalla. Mun karanta shi muna digiri na biyu."

Ka ce, "Ai shi ya sa, Malam." Daga yau ku biyu ne a cikin ramin, ba zai taɓa ce maka kawo kwafi ba.

Kada ka manta da Baba gaba ɗaya, kai ma ɗan halas ne. A shafin godiya rubuta, "da iyayena, bisa addu'o'insu." Addu'a ba ta bukatar shekara ko lambar shafi.

Mataki na 6: Bar shi ya yi girma

Daga nan ba ka da sauran aiki. Malam zai ambaci farfesan a tasa maƙalar. Ɗaliban da ke bayanku za su kwafe shi daga kundinka a laburare, da 217 ɗin da komai. Kafin shekara uku, wata ƙungiya mai harkar ruwa za ta kira masu gyaran famfo taron bita a ɗaki mai fanka da majigi. Wani matashin injiniya zai haska "dokar tuƙi goma" a bango, da sunan farfesan a ƙasa. Mahaifinka yana layi na uku, cikin rigarsa ta fita kunya, an ba shi sabon biro da littafin rubutu.

Mataki na 7: Ka saurare shi in ya dawo

Zai shigo fuska a sake. "Kai, yau na ga abin mamaki! Ashe abin nan da nake yi da ka, wani Bature ya rubuta shi tun tuni. Na ɗaga hannu na ce ni ma haka nake yi, sai injiniyan ya ce to madalla, in ci gaba da bin abin da masana suka faɗa." Zai yi dariya yana cire takalmi. "Ka ga amfanin karatu? Shekara talatin ina lalube, mutum yana zaune a ofis ya gano."

Sannan zai rage murya. "Kai da ka san hanya, ka nemo mini littafin nan. Ba na jin Turanci, amma sai ka riƙa karanta mini ko shafi ɗaya-ɗaya ne. Na tabbata akwai sauran abubuwan da ban sani ba a ciki."

Ka ce, "To, Baba." Kada ka jira dabara a wannan matakin, na nema ban samu ba. Kunya ce kawai, irin wadda ban taɓa jin kamarta ba, kuma ba ta wucewa.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ya zare hannunsa daga duk abin da zai biyo baya. In an kama ka, ban san ka ba. In ba a kama ka ba, nan ma ba ruwana. Kada kuma wani ya aiko yana tambayata inda ake samun littafin. Nawa mahaifin duk ranar da na je gaishe shi sai ya tambaya ko ya iso, ni kuma ina ce masa yana hanya.