Akwatin Kaka na Tashar Bas

"Lafiya lau na kwana, in ban da ganin fuskarka. Wanda ya fara cin karo da kai da safe, gara ya koma ya kwanta."

"Amarya ke nan. Ni da na baro aiki na zo duba iyalina."

"Wane iyali? Mijin da tun da aka yi mini aikin gwiwa sau ɗaya ya leƙo, shi ma hannu na dukan cinya? Shigo. Sunkuya, kar ka fasa mini ƙwan fitila da wannan kan naka."

Dogo ya sunkuya ya shiga. Shi ne babban jikan Kaka, kuma yana cikin samarin da ke kula da shafin intanet na wasan ɓoye akwati. Wasan ba wuya: mutum ya sami ɗan akwati, ya zuba ƙananan tarkace da takardar sa hannu, ya ɓoye a wani lungu, ya sa alamar wurin a shafi. Masu nema su bi taswirar waya su gano shi, su rubuta suna, su ɗauki abu ɗaya su ajiye wani. Akwai kuma masu tantancewa, su ke amincewa da sabon akwati, su ke sauke wanda ya lalace aka rasa mai gyara. Kaka ta shiga wasan ne bayan rasuwar mijinta, da likita ya ce ta riƙa tattaki. A shafi Kunkuru ake kiranta. Akwatinta guda ɗaya tak yana bayan bencin siminti a tashar bas ta bakin masaƙa. Tana kwance a asibiti aka sauke shi, wani kuma ya sa nasa a wurin.

"Ka zo mayar mini da akwatina ne, ko ka zo cinye mini burodi?"

"Burodin dai na fi ƙarfinsa. Akwati kuwa, Kaka, wurin ya zama na wani. Doka ba ta yarda akwati biyu su yi maƙwabtaka ba."

"Doka! Ina dokar take lokacin da kakanka ke zama a bencin nan yana jiran in tashi daga aiki? Uwarka ma ba a haife ta ba. Ni na fi wurin nan tsufa."

"Ai kin fi garin ma tsufa. An ce ke kika nuna wa masu awo inda za su ja titi."

"Na nuna musu, shi ya sa ya miƙe. Da kai aka tambaya, da ya karkace kamar ƙafafunka."

Dogo ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya zauna a bakin kujera, ya ɗora wata 'yar jakar leda a kan gwiwarsa.

"Kaka, wa ya rubuta miki abin da kika sa a shafi?"

"Ni na faɗa, waya ta rubuta. Ko ka zaci sai da kai nake numfashi?"

"Kin ce wanda ya sauke akwatinki ba shi da tarbiyya, ba shi da tsohuwa a gidansu, kuma ɓarawon wuri ne da aka ba cin hanci."

"Na manta ban ƙara da ƙaton banza ba. A ƙara."

"Kowa ya karanta fa. A fili kika sa."

"To a ɓoye aka yi mini? Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wani ɗan tasha can yana zaune a ɗaki mai sanyi, ya danna maɓalli ɗaya ya share mini miji, ko sallama babu."

"Ba ɗan tasha ba ne. Mace ce. Malamar firamare ce, kuma ba biyanta ake yi ba. In ta gama duba littattafan yara sai ta zauna ta duba akwatunan mutane."

"Mace? To ta ji kunya sau biyu."

"Ta rubuto miki, Kaka. Ba sau ɗaya ba."

"Ƙarya kake, jikan maƙaryata."

"Kin zagi kanki."

"Ta wajen ubanka nake nufi. Ina saƙon? Ga wayata nan, ko na mai kuskuren lamba ba ya wuce ni."

"Ba ta waya yake zuwa ba. Ta imel yake tafiya."

"Wane ne shi?"

"Adireshin da na buɗe miki ranar da kika shiga wasan."

"Wanda ka ce in manta da shi, ba zan taɓa buƙatarsa ba?"

Dogo ya sosa ƙeya.

"Shi."

"Allah Sarki! An bar jaki ana dukan taiki. Ashe mugun yana gindina ina ba shi burodi. Ka gina wa mutum ɗaki ba ƙofa, ka zuba wasiƙunsa a ciki, sannan ka ce bai amsa ba."

"Laifi tudu ne, amarya. Kin taka naki kina hango nawa."

"Naka ai ba tudu ba ne, dutse ne, daga asibiti ma ana hango shi. Me ta ce a saƙon?"

Ya latsa wayarsa ya karanta mata. "Akwatin nan yana buƙatar gyara. In ba a ji daga mai shi ba, za a sauke shi."

"Shi ke nan? Ba gaisuwa, ba ya jiki? Ko takardar wutar lantarki ta fi wannan fara'a."

"Ba ita ta tsara kalmomin ba. Shafi ne ke ba ta su a shirye, ta zaɓa ta tura. Ba wurin da za ta ƙara nata."

"Wa ya tsara?"

"Wani haziƙin yaro."

"Dogo ne, mai kai kamar tulu?"

"Kyakkyawa dai, wanda wata tsohuwa ke mutuwar so."

Kaka ta yi tsaki. Dogo ya miƙa mata jakar ledar.

"Jiya malamar ta kawo wannan ofishinmu. Ta ce a ba Kunkuru."

Kaka ta kwance bakin jakar ta zazzage a cinyarta. Maɓallan riga ne, manya da ƙanana, na ƙarfe da na ƙashi da masu ruwan zuma. Mijinta tela ne, kuma da ya rasu ta tarar da gwangwani cike da su a ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Su ta zuba a akwatin, don duk yaron da ya gano shi ya ɗauki ɗaya. Ta sa yatsa tana juya su. An wanke su tas, har tsatsar na ƙarfen an goge.

"Masu nema ne suka yi ta kai ƙara cewa murfin ya fashe, ruwa ya cika shi," in ji Dogo. "Da ta ji shiru daga gare ki, sai ta hau bas da kanta ta je. Ta kwashe su, ta kai gida ta shanya. Ta ce da ta ga irin maɓallan da irin rubutun da ke takardar, ta san na dattijo ne, kuma dattijo ba ya watsar da abu irin wannan sai da dalili. Ta rubuto mana tana neman lambar wayarki."

"Kuka ba ta?"

"Saƙonta ya faɗa cikin tarin ƙorafe-ƙorafe. Ba wanda ya buɗe sai bayan an gama ɓarna. Ta ja lokaci iyakar yadda doka ta bar ta, sannan ta sauke."

Kaka ta sake juya maɓallan da yatsa. Ta ɗauki wani babban maɓalli baƙi ta kai kusa da ido.

"Wannan na kwat ɗinsa ne. Na zaci yara sun ɗauke tuntuni." Ta ajiye shi gefe guda. "Ta karanta abin da na rubuta?"

"Ta karanta. Ta ajiye aikin."

"Saboda ni?"

"Ta ce mahaifiyarta ta rasu bara. Wannan maganar ta tsohuwa a gida ce ta tsaya mata. Yanzu duk yankin nan ba mai tantancewa, sababbin akwatuna suna jibge ba mai duba su."

"Wayyo ni. Magana zarar bunu." Ta dafe baki da tafin hannu. "Shekaruna sun kai in san haka. Yarinya ta shiga ruwa ta tsamo mini kayan mijina, ni kuma na tsaya a bainar jama'a na tona mata ciwo. Ina ma bakin nan aka yi wa aiki, aka bar gwiwar."

"Likita ya duba, ya ce bakin ya fi ƙarfin asibitinsu."

"Rufe mini naka. Kai ma da ka buɗe saƙon baiwar Allah, da duk ba a yi haka ba."

"Na sani, Kaka. Tun jiya abin ke cina." Ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin shayi. "Shi ya sa na zo. Za mu sake yadda masu akwati da masu tantancewa ke magana. An ce in nemo wanda ya fi kowa ƙorafi a shafin in ji ta bakinsa. Ban sha wahalar nema ba."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rubuta. Saƙo ya zo wayata, ya yi ƙara, ba ya tafi wancan kabarin da ka haƙa ba."

"Na sa."

"A bar ta ta yi magana da bakinta. In tana son ta ce ya jiki, ta ce. Ni ma in iya amsa mata mu biyu, ba a gaban duniya ba. Da akwai ɗaki, da ban yi wanka a titi ba."

"Da kin zage ta a ɗaki dai."

"Da ta amsa mini tun zagi na farko, da na ji gaskiya na yi shiru. Kuma kowane mai akwati ya ba da lambar wani nasa. In an neme shi an rasa, a kira wancan kafin a sauke."

"Madalla. Ke sai ki sa tawa."

"Taka? Gara in sa ta mai gadin maƙabarta, ya fi ka ɗaga waya."

Dogo ya rubuta yana murmushi. Ya ɗago.

"Akwai wani yaro a wurinmu da ya ce a sa jinkiri: in mutum ya rubuta da fushi, shafi ya tambaye shi ko ya tabbata."

"Ni da ya tambaye ni, da shi ma ya sha nasa. Amma ku sa. Wani ya fi ni hankali." Ta tattara maɓallan tana mayarwa cikin jaka. "Wurin nawa dai ya tafi ke nan?"

"Ya tafi, Kaka. Wanda ya sa nasa ɗan makaranta ne, akwatinsa na farko ke nan."

"A bar masa. Bencin dai ba a hana ni zama ba." Ta numfasa. "Ita fa, in kun gyara za ta dawo?"

"Ban sani ba. Ban ga alama ba."

"Goge abin da na rubuta."

"Zan goge. In kina so ki faɗi ban haƙuri, waya ta rubuta, in tura mata."

"A'a. Waya ta yi mini aika sau ɗaya, na ga yadda ta kaya. Miƙo mini sandata da mayafi. Ka san makarantar?"

"Na sani. Amma gwiwarki fa?"

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wadda ta fi ni. In durƙuson ya gagara, kai ka durƙusa a madadina, dama tsawonka bai taɓa amfanar kowa ba."

"Wato yau amarya ta yarda ta yi laifi? Bari in kira 'yan jarida."

"Na yarda, ɗan nema. Ka kayar da ni, amma da taimakon wata." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da gefen mayafi. Ta jawo kwano daga ƙarƙashin tebur ta tura masa. Dafaffen ƙwai ne guda biyu, da sauran ɗuminsu. "Ungo, ci ka yi ƙarfin riƙe ni a matakala. Ɗaya fa. Ɗayan na Malama ne."