Ɗigon Da Ya Hana Ni Gauraka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da safiyar da na tara dattawa a bakin wata fadama kusa da Zurmi don su ga gwanintata.

Ni mai sayar da hatsi ne a Ƙaura Namoda. Karatun allo na yi shi tun ina yaro, alhamdu lillahi, amma boko sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu, Malam Nura, sa'an ɗana na biyu ne. Yana ce mana Baba, muna ce masa Malam, kowa ya riƙe girmansa.

Da lokacin yaye mu ya matso, Malam ya ce a ƙawata bangon aji: kowane harafi da hoton abin da sunansa ya fara da shi. B ta samu buhu, R ta samu raƙumi. Da aka zo kan G, Alhaji Bawa mai mota, wanda taubashina ne kuma ba ya barin numfashina ya wuce bai yi magana a kai ba, ya ce a sa goro a huta. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce gauraka. Tun muna yara a ƙauyenmu Banga nake son tsuntsun nan mai tukku kamar zinariya, kuma na ji masu zuwa cin kasuwa suna cewa biyu sun sauka a fadamar wajen Zurmi.

"Wa za shi kawo hoton?" in ji Alhaji Bawa. "Kai da ko waya sai ɗiyanka sun latsa maka?"

Na ce ni zan kawo. A gaban kowa na faɗa, Malam kuma ya bar wurin G fili saboda ni.

Ina da abin da na dogara da shi. Ƙanena ya taɓa yin sana'ar hoto a gidajen biki, da waya ta kashe kasuwar ya bar mini kyamarar ya koma tuƙi. Idonta ne kawai ya fashe, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a gaba. Na kira shi. Ya ce, "Yaya, gauraka ba ta yarda a matsa mata, kuma ka san yanzu ba a kutsawa daji yadda aka saba. Ido mai jawo nesa za ka nema. Ka duba lambar da ke jikinsa, in ba ta kai ɗari uku ba, kada ka saya." Na riƙe ɗari uku a raina kamar sunan magani.

Ranar kasuwar Shinkafi na sayar da ɗan geron da zan iya rabuwa da shi, na nufi rumfar wani saurayi mai sayar da tsofaffin wayoyi da kyamarori. Ya jera mini idanu uku. Na farko dogo ne kamar taɓarya, da ya faɗi kuɗinsa na tambaye shi ko har da rumfar ake sayarwa. Na biyu matsakaici, fentinsa ya goge, an rubuta saba'in, ɗan layi a kwance, ɗari uku. Kuɗina za su kai, amma sai dai in dawo Ƙaura aljihu ba nauyi. Na uku ɗan guntu ne kamar gwangwanin madara, kuma kusan kyauta.

Na ɗauki ɗan guntun, na sa tabarau (na karatu, sabo, ina neman dalilin fito da shi), na fara bin rubutun da yatsa. Da farko akwai sha takwas, ɗan layi, hamsin da biyar, sai harafin m guda biyu a jere ba wasali. Na karanta "mm". Na ce a raina ko wanda ya rubuta bai tabbata ba, na wuce. Can gaba sai ga uku, ɗigo, biyar. Sai ɗan layi, sai biyar, ɗigo, shida.

Murna ta kama ni. Duk wanda ya buɗe littafin addini ya ga lambar shafi ya san a lambobin Larabci ɗigo sifili ne. Na san Malam Nura ya koya mana sifilin boko zagaye yake kamar ƙwai, amma na lura wurin rubutun ƙanƙane ne, ina za su sa ƙwai? Dole suka ari namu. Ke nan ɗari uku da biyar, har zuwa ɗari biyar da shida! Ya wuce na biyun nesa ba kusa ba, ga araha.

"Baba, wanga ba na tsuntsu ba na," in ji saurayin. "Na biki na. Ɗauki na biyun, shi ka yi maka aiki."

Na yi murmushin wanda ya shekara talatin a kasuwa. Ni za a nuna wa tura kaya mai tsada? Na ce, "Ɗana, da can ne ake yi mana haka. Yanzu mun iya karatu." Ya dube ni, ya karɓi kuɗina. Ya ɗaura mini a kyamarar, na leƙa, sai na ga rumfar gaba ɗaya har da mai rake na gefe. Abin ya ɗan ɗaure mini kai, amma na ce lallai mai ƙarfi ne, har abin da ban nema ba ya jawo.

A gida na gwada a kan akuya. Ta koma ƙarama kamar mage. Na murɗa zoben da ke jikin idon, ta dawo daidai akuya. Na zauna na yi nazari cikin natsuwa (ni ba mai gaggawa ba ne, ko kuskure a hankali nake yin sa), na gano dalili: ido ne na nesa, tsakar gida ta yi masa kaɗan. Sai ya ga fili zai miƙe.

Alhaji Bawa da kansa ya ɗauke mu a motarsa da sassafe, ni da Malam da wasu 'yan ajinmu biyu. Ya ce ba zai yarda a ba shi labari ba. Muka tsaya a bakin hanya inda manoman wurin suka ce a tsaya. Ga su kuwa, can tsallaken ruwa, gauraki biyu suna taku kamar masu sarauta. Sai da ƙwalla ta zo mini.

Na yi bisimilla, na ɗaga kyamara, na leƙa. Babu gauraka. Na sauke, ga su. Na ɗaga, babu. Na murɗa zoben hagu, fadamar ta gudu har na ga hular Alhaji Bawa da ke tsaye a gefena. Na murɗa dama har ya ƙi tafiya. Na goge gilashin da bakin rigata. Na cire tabarau, na mayar.

"Mi ka gani?" in ji Alhaji. "Ko sun shige Nijar?"

Na ce ya yi shiru, abin yana ɗaukar zafi ne. Na latsa. Duk suka taru a kan ɗan allon bayan kyamarar. Sama ta fito kyakkyawa, ciyawa ta fito, ruwa ya fito. A tsakiya akwai wasu baƙaƙen abubuwa biyu da ba su kai ƙwayar gero ba.

"Masha Allahu," in ji Alhaji Bawa. "Malam, a ba shi harafin Ƙ. Ƙuda munka samu, har biyu."

Malam Nura, Allah ya yi masa albarka, bai yi dariya ba. Ya karɓi kyamarar ya duba. Ya ce, "Baba, nawa ka karanta nan?" Na ce ɗari uku da biyar, na nuna masa sifilin. Ya daɗe yana kallon ƙasa, kafaɗunsa suna motsi. Sannan ya ce a boko ɗigo ba sifili ba ne, wannan uku da rabi ne, kuma ma lambar haske ce, ba ta nisa ba. Ta nisa ita ce wadda na tsallake, mai "mm". Hamsin da biyar. Na ce to ina amfanin rabi a jikin kyamara? Rabin me? Ya fara bayani, ni kuwa kunnena ya toshe, don na tuna fuskar saurayin Shinkafi lokacin da na ce masa mun iya karatu.

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma na ce tunda idon ya ƙi zuwa wurinsu, ni zan kai shi. Na naɗe wando, na sunkuya, na shiga ciyawa ina sanɗa. Ƙasar ta yi kama da busasshiya. Taku kaɗan na nutse har gwiwa, da na yunƙura ɗaya ƙafar ta bi 'yar'uwarta. Na ɗaga kyamarar sama da hannu biyu ina salati da ƙarfi. Gauraki suka ji, suka buɗe fikafikai, suka tashi suka bi ta bisa kaina, kusa ƙwarai, har ina ganin tukkun. A lokacin ko ɗan guntun idona zai iya kama su. Ban latsa ba, ina neman takalmina.

Wanda ya latsa shi ne Alhaji Bawa, da wayarsa, kuma ba tsuntsu ya ɗauka ba.

Ranar yaye mu, G ta samu goronta. Ni ma ban rasa wuri a bango ba. A ƙarƙashin L akwai wani dattijo tsaye cikin laka, hannuwa sama, baki buɗe. Malam ya nemi izinina kafin a liƙa, na ce a liƙa, ai ilimi ne. Jikokina sun iya harafin L kafin su iya A.

Na koma Shinkafi bayan girbi na karɓi na biyun, saurayin bai ce komai ba sai "Sannu da zuwa, Baba mai karatu." Gauraki dai sun riga sun tafi, ina jiran wata damina. Abin da na koya shi ne, mutumin da ya zuba karatu biyu a kai ɗaya, in ya haɗu da ɗigo, ya tsaya ya tambaye shi daga wace makaranta ya fito kafin ya sa hannu a aljihu.