Ranar da Na Kira 'Yar Fari Daga Kan Dutse

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, a shekarar da aka gama madatsar ruwan garinmu. Na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanen gari ne suka hana ni.

Ni 'yar Yargoje ce, aure ya kai ni can wajen Faskari, wani gari da ke kwance a gindin duwatsu. Lokacin ƙasa ta buɗe. Ko'ina rediyo, ko'ina babur, motocin siminti suna ta kai da kawo, har aka tare rafinmu ya zama tafki. Tare da ruwan baƙi suka zo, ma'aikata da malaman makaranta da 'yan bautar ƙasa. Su suka kawo mana wata al'ada da har yau ban gane kanta ba, wai hawan dutse. Ba itace za su yo ba, ba akuya ce ta ɓace masu ba. Su hau, su zauna, su kalli ruwa, su sauko. Har farin fenti suka samu suka bi duwatsu suna zana kibiya, don kada na baya ya ɓata.

'Ya'yana biyu a lokacin. Audu yana goye. Ta farin kuwa, mace, ta kusa shekara huɗu, tun da aka yaye ta take ɗakin Inna, uwar mijina. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ni har yabona ake yi a kan wannan. Inna takan ce wa baƙi, "Wannan ko faɗuwa yarinyar ta yi a gabanta, ba ta ɗaga kai." (Gaskiya ne, ba na ɗaga kai. Ta wutsiyar ido nake kallo, har idon ya yi mini ciwo.) Da ƙarar awarwaron yarinyar nake sanin inda take a cikin gida.

Ranar maigida ya tafi Tafoki. Audu yana haƙori, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, sai da hantsi barci ya sace ni a bakin ƙofa. Da na farka gidan tsit. Babu Inna, babu Ladi ƙanwar mijina, babu ƙarar awarwaro. Inna ba ta cika fita da yarinyar ba, in za ta unguwa takan bar ta a tsakar gida. Na leƙa ɗaki, na leƙa bayan rumbu, na leƙa har cikin rijiya. Sai na yafa gyale na leƙa maƙwabta.

Ga inda na fara cutar kaina. Maimakon in ce ina ɗiyata, sai na ce wa matar gidan, "Halan ba ki ga yaran unguwar nan ba?"

Ta ce, "Yara? Ai duk sun bi su Malama, sun yi wajen dutse."

Malama wata 'yar bautar ƙasa ce da ke haya kusa da mu, mai yawan ba yara biskit. Yarinyar nan kuwa in ta ga biskit har Kaduna sai ta bi mutum. Ban koma gida ba. Da silifa da goyo na nufi dutse.

A gindin dutse na tarar da kibiyar farko, na bi ta. Abin da ban sani ba, hanyar masu fenti ba hanyar mai sauri ba ce. Hanya ce ta mutanen da suka ƙoshi. Ta kai ni hagu, ta dawo da ni dama, ta zagaya da ni bayan wata tsamiya, ta ratsa da ni ta wani kogo mai warin jemage. Duk inda na ce to yanzu za a miƙe sama, sai kibiya ta karkata ta kai ni wani falalen dutse inda babu komai sai kallon ruwa. Ni da nake neman ɗiya, me zan yi da kallon ruwa? Remaye suna leƙo ni daga tsaguwar duwatsu kamar sun san ban da lafiya. Audu ya farka ya fara kuka, zanin goyo yana zamewa, ina tafiya ina ɗaurewa. Silifa ɗaya ta tsinke, na riƙe ta a hannu, ban san dalilin da ya sa ban yar ba.

Kira kuma ina yi, amma irin nawa. "Ke! Ke yarinya! Ke ta Inna!" A hankali, kamar mai tsoron kada duwatsu su ji su kai ƙarata.

Rana ta take sosai kafin na kai sama. Ga su nan zaune a inuwa, maza da mata, rediyo yana waƙa, suna cin burodi da kifin gwangwani. Babu yaro ko ɗaya.

Malama ta miƙe da murna. "Maman Audu! Ke ma kin zo motsa jiki?"

Na ce, "Ina yaran?"

Ta ce ai tun a ƙasa suka kore su, suka ce su koma gida, sai suka ga sun gangara wajen ruwa.

Wajen ruwa. Tun da aka yi madatsar nan ba abin da nake mafarki sai ita. Na taka zuwa bakin dutsen na leƙa. Can ƙasa, nesa, ga mutane kamar tururuwa, mata suna wanki, masunta suna gyaran koma. A gefe kuma ga wani ɗan ja-ja yana tafiya shi kaɗai kusa da inda ruwa ya fara. Jar riga na sa mata da safe (to, Ladi na ba wa ta sa mata, amma ni na zaɓa).

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Baki kawai na ji ya buɗe.

"Saude! Saudeee! Ɗiyata, dawo! Wayyo ɗiyata!"

Ban san murya tana tafiya a kan ruwa haka ba. Dutsen da ke tsallake ya karɓa ya ce Saude. Na bayansa ya karɓa shi ma. Sunan da ban taɓa furtawa ba, ko a ɗaki, ga shi yana zagaya tafki ana miƙa shi daga dutse zuwa dutse. Mai rediyo ya kashe rediyonsa. A ƙasa duk wanki ya tsaya, kawuna suka ɗago. Sai na ga wata doguwar mace ta tashi daga kan tabarma, taku kaɗan daga jar rigar, ta kare rana da hannu tana duban sama. Ko daga saman dutse na san tsayuwar Inna.

Wani makiyayi da ke kusa ya nuna mini hanyar awaki. Kafin a dafa ruwan kunu na sauka. Hanyar nan tana nan tun ɗazu, ni ina can ina bin fenti. Sai dai ba ta da kwana, kai tsaye ta zube ni tsakiyar masu wanki, gyale a karkace, ƙaya a zane, silifa a hannu.

Ladi ce ta fara, ita da ma wasa ne tsakaninmu. "A'a, matar Yaya! Ashe ladan muka auro ba mu sani ba? Wa kike kira ne? Maimaita mana, mutanen Sabuwa sun ce ba su ji sosai ba."

Mata suka bushe da dariya, wata har tana dukan kwanon wanki. Na durƙusa gaban Inna na sunkuyar da kai, ina jiran faɗa. Da ma faɗan ta yi. Ashe kifi ta zo saye, ta ce yau bari ta fito da jikarta ta ga ruwa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Sannu da hawa. Ba ki sha ruwa ba ko? Ladi, ba ta ruwa, maƙogwaro ya yi aiki."

Yarinyar kuwa ta zo ta rakuɓe jikin Inna, hannunta duk man kifi, tana kallon dutse.

"Inna, wa ya kira ni?"

"Uwarki ce."

Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Ashe ta san sunana?"

Dariyar ta ragu a nan. Ni kuwa na kafa kai cikin kwanon ruwa, na sha har bayan ƙishirwa ta tafi, don ban san inda zan ajiye fuskata ba.

Na yi kwanaki ƙafafuna ba sa takuwa, ko bakin murhu sai da dafa bango. Maigida ya ji labari tun kafin ya sauka daga mota, in ya dube ni sai ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Yaran gari kuma suka samu abin yi. Duk wanda ya hau dutsen sai ya tsaya daidai wurin nan ya ce "Saudeee, ɗiyata!" don ya ji an amsa masa. Har sababbin baƙi ake koya wa, suna yi ba su san ko wace ce ba. Ina tuƙa tuwo ina jin muryata a bakin ƙatti.

A gaban mutane ban sake kiran sunan ba, ni ma ina da sauran mutunci. Amma in ina yi mata kitso a ɗaki, babu kowa, nakan sunkuya in faɗa mata shi a kunne, ta amsa a hankali kamar mun yi sata tare. Abin da na koya ke nan, kuma ƙafafuna ne suka biya: sunan da ke cikin bakin uwa sai ya fita. Gara ki riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan a cikin ɗaki, kafin ya taru ya kai ki kan dutse.