Arzikin da Na Yi a Cikin Waya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban malamai ƴan uwana ina koya musu yadda ake arziki, alhali tayar babur ɗina ta baya faci uku gare ta.

Ni malamin lissafi ne a wani CEG, ƙaramar sakandare, nan Agadez. Hutun bara wani abokina da ke aiki a Anou Araren ya turo mini bidiyon wani saurayi cikin kwat, jingine da motar da (yanzu na gane) ba tasa ba ce, yana bayanin zuba jari ga masu farawa. Daga nan na kamu. Na kalli bidiyo har ido ya yi ja, na sauke wani ƙaton littafi na karanta gabatarwa da shafin ƙarshe, na haddace action da dividende, wato hannun jari da ribarsa. Sati biyu kacal, na zama gwani.

Sai na sauke wata application ta zuba jari a wayata, duk rubutunta da Ingilishi, harshen da tun ina ɗalibi a ajin troisième ba mu gaisawa. Ina buɗewa na tarar da dalar Amurka dubu goma. Na ce kyautar maraba ce, ai Turawa akwai karamci. In danna kore, in danna ja, cikin kwana goma sun zama dubu goma sha huɗu.

Har tafiyata ta canza. Kawuna Alhaji Ilyas, wanda ya shekara arba'in yana sayar da gishiri da dabinon Fachi, na je har rumfarsa na gaya masa jarinsa barci yake. Ya dube ni ya ce, "To, ɗana, Allah ya tashe shi."

Ƙarshen wata muka taru a salle des profs, ɗakin malamai, don adashinmu. Kwasar Mushe Abdu ce, malamin tarihi, wanda ke son gyara rufin ɗakinsa kafin damina. Na nemi izini wurin Direkta, na ɗauki alli, na zana layi mai hawa sama a tablo. Na ce adashi tsohon yayi ne, a ba ni kuɗin wata uku in ninka su. Na yi magana mai daɗi har Mushe Abdu, bawan Allah, ya turo ambulan ɗin kwasarsa gabana. Don in ƙara musu imani, na ba da wayata tana zagayawa hannu hannu.

Na manta akwai Madam Hadiza, malamar Ingilishi. Ta gyara tabarau.

"Mushe, nawa ka zuba a ciki?"

"Ko dala ban zuba ba, Madam. Ai nan dabarar take."

"Ka taɓa cire wani abu?"

"Mai zuba jari na gaske ba ya gaggawa." (Maganar mai kwat ce, har da ɗaga yatsa na kwaikwaya.)

"To wannan jan rubutu na sama fa, ka karanta shi?"

"Sunan kamfanin ne."

Ta dube ni kamar mai tausayin ɗalibi. "Cewa ya yi asusun gwaji ne. Kuɗin wasa ne, don masu koyo."

Direkta ya ce, "Wato irin kuɗin da yara ke yi da takardar alewa?"

"Su aƙalla ana riƙe su a hannu," in ji Madam.

Mushe Abdu ya miƙo hannu a hankali, ya janye ambulan ɗinsa, ya sa a aljihu, ya dafe aljihun. Wannan dafewar ta fi mini zafi da dariyar da ta biyo baya. Ni kuwa, maimakon in zauna, sai na ji bakina yana cewa, "Ai na sani, gwada ku nake."

Direkta ya ce, "Madalla, mun ci jarrabawa. Goge mana tablo."

Haka na goge layina mai hawa sama da hannun rigata. Yau ko ɗalibai Mushe Dividende suke kirana a bayan idona, wasu ma a gaban idon.

Littafin nan dai na koma masa daga shafin farko, ina bi sannu sannu. Abin da na koya kafin in kai babi na biyu shi ne, in kuɗi suka zo maka ba gumi, nemi wanda zai karanta maka rubutun sama kafin ka nemi alli.